Wayar da Na Murɗa a Silin ɗin Kawunku

Rahila da Dauda, kun tashi kuna jin labari guda game da ni da kawunku Ishaku: wai na kulle masa wutar shago ana saura mako guda Kirsimeti, na jefa mukulli a aljihu na kama gabana, naman mutane ya lalace. Haka ake faɗa a cocinsu a Birmingham, haka dangin mamarku suke faɗa har can gida. Babu ƙarya a ciki. Na kulle, nama kuma ya lalace. Abin da ba a faɗa shi ne abin da ke cikin silin, da wanda ya sa shi a can. Ni ban iya dogon rubutu ba, a aji shida na tsaya, yanzu kuma gwiwa da ido duk sun fara yi mini gardama. Zan faɗa sau ɗaya, mai ajiyewa ya ajiye.

Shekara goma sha tara ina aikin wuta a Kaduna kafin in biyo mamarku ƙasar nan. A hannun Oga Garba na koya, a wani shago da ko rufi mai kyau ba shi da shi. Abin da aka fi yabona a kai shi ne murɗin waya. Ka fere bakin waya biyu, ka haɗa su, ka murɗa da filaya har su kwanta kamar kitson amarya, ka naɗe da baƙin tef zagaye bakwai. Oga Garba yakan kama ya ja da duk ƙarfinsa; idan bai kwance ba, ranar ka ci abinci da nama. Wayar ƙasa kuwa, wadda ake sawa don ta kwashe wuta idan ta ɓalle, ba ma ɓata lokaci a kanta, datsewa muke yi. Idan fis yana yawan tsinkewa, sai ka sa masa waya mai kauri ya bar damun mutane. Ba mugunta ba ce. Haka aka koya mana, kuma wutar da ake kawowa awa huɗu a yini ba ta cika samun lokacin tona asirin kowa ba.

A nan aka ce duk wannan ba komai ba ne tunda babu takarda. Sai na zama mai kula da wani zauren taro na ƙaramar hukuma a unguwar Longsight, nan Manchester: in buɗe ƙofa, in goge ƙasa, in jera wa tsofaffi kujeru, in kwashe. Shekara shida. Ko ƙwan fitila ya mutu, sai in cike fom a turo wani, in riƙe masa tsani ina kallonsa. Daga nan aka shiga shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ana rufe wannan ana rufe wancan, har aka iso kanmu. Wata mata ce daga ƙungiyar ma'aikata, Pauline, ta zaunar da mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar abin da kowa ya iya. Da na ce mata wuta, sai ta ajiye biro ta dube ni.

"Shekara shida kana wanke banɗaki, ba ka taɓa faɗa ba?"

"Ba a taɓa tambayata ba."

Ita ta tura ni ajin lissafi da Turanci, ita ta cike mini takardu har hannunta ya gaji. Akwai wani shiri da ƙungiya da kamfanoni suka haɗa hannu a kai, na ɗaukar manya su koyi aikin lantarki daga tushe: kwana huɗu a wurin aiki, kwana ɗaya a kwaleji. Gurbin da aka samu a Birmingham yake. Ina da shekara arba'in da uku. Mamarku tana aikin nas a asibiti, ke Rahila kina sha biyu, kai Dauda tara. Ta ce in je, Yaya, wato kawunku, yana can, ba zan kwana a titi ba.

Dole ku fahimci ko wane ne Ishaku a wurinmu. Da mahaifinsu ya rasu, shi ya riƙe mamarku, shi ya kai ta makarantar nas, shi ya karɓi gaisuwata, shi ya ba ni ita a gaban mutane. Ba wan mata ba ne kawai, suruki ne sosai. Ban taɓa cin abinci a gabansa na ƙoshi ba, ban taɓa kiran sunansa kai tsaye ba. Yana da shago a Stratford Road, a Sparkhill: doya, manja, garin kwaki, daddawa, busasshen kifi, da firiza huɗu a can ciki. A sama akwai ƙaramin ɗaki, wanda ya ba ni, da sashen haya guda inda wani ɗalibi ɗan Katsina, Malam Nasiru, yake zaune da matarsa da jaririyarsu. Shekara uku kafin nan, lokacin da Yaya ya faɗaɗa shagon ya ƙaro firiza, ni ya kira na ja masa waya. Kwana biyu na gama. Ranar Lahadi ya kama hannuna a ƙofar coci yana nuna ni.

"Kun ga surukina? Abin da Bature zai yi wata guda yana shan shayi, Asabar da Lahadi ya gama. Injiniya ke nan!"

Ranar na ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye muku ba.

A wurin aiki aka haɗa ni da wani dattijo, Terry, haifaffen garin, gajere mai ƙaton ciki, wanda kuma shi ne wakilin ƙungiya a cikinmu. Muna sabunta wayar wata tsohuwar makaranta. Ranar farko bai ba ni filaya ba, bai ba ni sukudireba ba. Jan kwaɗo ya ba ni, ƙarami, da mukulli guda, da alama mai sunana. Ya ce duk layin da zan taɓa, in kashe shi, in kulle da kwaɗona, mukulli ya kwana a aljihuna. In gwada na'urar gwaji a inda na san akwai wuta, in gwada layin, in sake gwada na'urar. Ya ce ko mai kamfani ne ya zo ba shi da ikon cire kwaɗon wani. Na ce masa ni da bayan yatsa nake gane waya mai rai.

"Nuna mini hannunka."

Na nuna masa. Ya ƙirga yatsun ɗaya ɗaya, a hankali, kamar yana sayen ayaba.

"Goma. Ka yi sa'a, Peter. Ni ba na aiki da masu sa'a, binne su nake zuwa yi."

Peter yake ce mini don Bitrus ya gagari bakinsa. Na tsane shi wata guda cur. Ni da na horar da mutane har suka buɗe nasu shago, ga ni ina share ƙura, ina ɗaukar kwandon waya, ina tambayar izini kafin in ɗaure soket. A kwaleji kuma ina zaune cikin waɗanda na isa haifa, suna gama lissafi ina kan layi na biyu. Littafin dokokin aikin ya kai kaurin Littafi Mai Tsarki, kuma ba shi da daɗin karatu kamarsa. Ranar Juma'a in hau mota zuwa Manchester, in sauka in kama bas ɗin Stockport Road, in same ku kuna faɗa a kan rimot da Turancin da rabi ba na ganewa. Lahadi da yamma in koma.

To ga kuskuren da ya fi kowanne. Ina mako na biyar da farawa, bireka ɗin layin firiza ya dinga faɗuwa a shagon Yaya. Bireka shi ne fis na zamani, mai kashe wuta da kansa idan kaya ya yi wa waya nauyi. Yaya ya ce in duba. Na riga na sa hannu a takarda cewa ɗan koyo ba ya taɓa aikin waje shi kaɗai. Na sani sarai. Amma mutumin da nake kwana a ɗakinsa, nake cin tuwon matarsa, in ce masa takarda ta hana? Na sayo bireka mai ƙarfi, na cire ƙaramin, na sa babban. Minti goma. Faɗuwa ta tsaya. Yaya ya ba ni kifi biyu na kawo muku, kuka ci da shinkafa.

Cikin watan Disamba, wata Alhamis, malaminmu na kwaleji ya shigo da akwati. A ciki yake tara mugun aikin da aka ciro daga gidaje, yana zagayawa da su hannu hannu don a ga yadda ba a yi. Aji yana ta dariya. Har aka miƙo mini wani guntu: waya biyu a murɗe, tef ya narke ya manne, robar ta koma launin ƙosai da ya ƙone. Murɗin ma bai kai nawa kyau ba. Malam yana bayani cewa ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, ya tsuke idan ya huce, yau da gobe murɗi ya saki komai ƙarfin hannun da ya yi shi. Inda ya saki nan zafi yake taruwa. Bireka ne kaɗai mai ceto, sai fa idan wani gwani ya zo ya sa babba. Ya ce irin wannan robar, kafin ta kama da wuta, ƙarni take yi kamar kifi, don haka duk gidan da muka shiga muka ji ƙarnin kifi babu dalili, mu nemi inda waya take dahuwa.

Aka sake yin dariya. Ni ban yi ba. Ina riƙe da abin nan ina tunanin shagon da kwandon busasshen kifi yake jere tun daga bakin ƙofa, inda ko waya za ta yi wata shida tana ƙarni babu hancin da zai tsinta. Ina tunanin murɗi shida da na tura cikin silin, da wayar ƙasa da na datse, da inda gadon jaririyar Malam Nasiru yake. Na san wurin, don ni na taya shi haɗa gadon. Daidai saman firiza ta uku.

Juma'a na buga wa mamarku na ce aiki ya riƙe ni. Asabar da safe, kafin a buɗe shago, na sauko da tsani da tocila. Na kashe layin, na sa kwaɗona, na gwada kamar yadda Terry ya koya mini, na ɗaga allon silin. Murɗi na farko lafiya. Na biyu tef ya yi tauri. Na uku ban ma taɓa shi ba: baƙi ƙirin, robar ta zube, jan ƙarfe a fili, katakon da ke samansa ya yi tabon gawayi kamar faɗin tafin hannuna. Na sa ɗan yatsa a katakon, da ɗuminsa. Na daɗe a kan tsanin nan. Hannuna ne ya yi shi, babu wanda zan zaga.

Ina nan Yaya ya buɗe ƙofa, da mukullansa da jakarsa.

"Injiniya, da sassafe? Me ya sa firizana suka yi shiru?"

Na sauko na durƙusa na gaishe shi, na ce ya hau ya gani. Ya hau taki biyu, ya leƙa, ya sauko.

"To, ka sake naɗe shi mana. Tef ya ƙare a Ingila ne?"

"Yaya, ba a naɗe shi. Duk layin ne za a cire. Wayar ta yi ƙanƙanta, haɗin ba daidai ba ne, bireka ɗin da na sa ya yi girma."

"Wa ya yi aikin?"

"Ni."

"Shekara nawa yanzu?"

"Uku."

"Shekara uku ko ƙwai bai fashe ba. Wata uku ka yi a makarantar Bature, sai aikin ya lalace? To cire ka sa sabo, kafin azahar."

Na ce ba ni da izini, sai wanda yake da katin shaidar aikin wuta ya zo ya tsaya a kai ya gwada ya sa hannu. Ya yi wata dariya marar daɗi. Ya buɗe firiza ɗaya bayan ɗaya yana nuna mini: kaji, naman akuya, ganda, kayan ciki, duk na mutanen da suka yi oda don Kirsimeti, kowace leda da sunan mai ita. Ya ce in kunna masa zuwa bayan biki, Janairu in kawo duk Baturen da na ga dama. Na ce a'a. A rayuwata ban taɓa ce masa a'a ba, har na ji kalmar ta yi mini baƙunta a baki. Ya je wajen akwatin wuta, ya ga jan kwaɗo da sunana yana lilo.

"Wannan fa?"

"Nawa ne."

"A gidana? Ba ni mukulli."

"Ka yi haƙuri, Yaya."

"Bitrus. Ni na ba ka mata. Ni na ba ka ɗaki. Miƙo mukullin nan."

Idona yana ƙasa, hulata tana hannu, mukulli yana aljihu, kuma a can ya zauna. Ya shiga baya ya ɗauko zarto. Kwaɗon ba wani abu ba ne, minti biyu zai yanke shi. A nan na faɗi maganar da har yau bai yafe mini ba. Na ce idan ya yanke, zan hau sama yanzu in ƙwanƙwasa wa Malam Nasiru, in gaya masa ya kwashe matarsa da 'yarsa, in gaya masa dalili. Ya tsaya da zarto a hannu yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Mutum ne mai son a ce shi mai riƙon amana ne, kuma gaskiya mai riƙo ne. A ce ɗan haya ya fita daga gidansa da jaririya a kafaɗa don tsoron gobara, duk Stratford Road ta ji, wannan ya fi masa asarar nama ciwo. Ya ajiye zarton. Ya koma bayan kanta.

Na ja firiza ɗaya zuwa tsohon soket ɗin da ba aikina ba ne, don guda ɗaya kaɗai zai iya ɗauka. Mahaucin da ke maƙwabtaka ya karɓi abin da wurinsa zai ci. Sauran babu inda za a kai su. Da na gama jigila na hau sama, na tarar da jakata a kan matakala, an ɗaure bakinta tsaf, har da silifas ɗina a leda.

Kafin in iso Manchester labari ya riga ni. Na shigo kuna falo, mamarku ta ce ku hau sama, kai Dauda har kana cewa ba a gama wasan ba. Ta rufe ƙofar kicin.

"Baban Rahila, me ka yi?"

Na faɗa mata duka, har da bireka.

"Ba za ka iya lallaba shi ba? Sai ka ce za ka tona shi a gaban ɗan haya? Yaya fa! Mutumin da ya sayar da kekensa ya kai ni makaranta. Yanzu da wane ido zan dube shi?"

"Da yarinyar nan ta ƙone fa?"

"Kada ka kawo mini wannan. Wa ya murɗa wayar? Kai ka ɓata, kai ka gyara da rashin kunya, ni kuma aka bari a tsakiya."

Gaskiya ta faɗa. Sai ta tambaye ni wanda zai yi gyaran. Na ce Terry zan gaya wa. Ta zauna a kujera a hankali. Ta fi ni sanin takardar da na sa wa hannu, don ita ta karanta mini. Ta ce in nemi wani mai kati a waje, wanda bai san kamfaninmu ba, a yi a rufe, kowa ya huta. Na yi tunanin haka tun a mota. Amma ana saura kwana bakwai biki babu wanda zai zo, kuma idan ba a zo da wuri ba, na san Yaya, zarto yana nan inda ya ajiye shi. Ta ce idan suka kore ni, babu wata Pauline da za ta sake samo wa mai shekara arba'in da uku gurbi. Na ce na sani. Daga ranar, in ban da gaisuwa da "ga abinci", ba ta ƙara yi mini magana ba har aka shiga sabuwar shekara. Kun tuna Kirsimetin da ba mu je Birmingham ba, aka ce muku mota ce ta yi tsada? To ba mota ba ce.

Litinin na hau motar farko. Lokacin shan shayi na ja Terry gefe, na nuna masa hoton a wayata. Ya kalla, ya ƙara girmansa, ya yi fito.

"Wane jaki ne ya yi wannan?"

"Ni ne."

Ya ɗago ya dube ni. Na ce masa wayar tun kafin in fara koyo na ja ta, amma bireka ina mako na biyar na canza. Ya ajiye kofinsa.

"Da ka tsaya a maganar waya, da ban ji komai ba. Me ya kai ka gaya mini ta bireka?"

"Za ka gani idan ka je. Sabo ne fil."

"Ka san dole in kai maganar sama? Ni wakilinka ne, zan zauna kusa da kai, amma ba zan ɓoye ba."

"Na sani."

"Yanzu layin yana kunne?"

Na ciro mukullin na nuna masa. Ya tambaya ko mai shagon ya yarda. Na ce surukina ne, kuma ya kore ni daga gidan. Ya daɗe yana kallon mukullin nan, sannan ya ce in shanye shayina, muna tashi daga aiki za mu je.

Yamma uku muka yi a shagon, daga tashi aiki zuwa lokacin rufewa. Terry bai taɓa ko sukudireba ba. Ya juya bokitin manja ya zauna, ya ce wanda ya ɓata shi zai gyara. Na ciro kowane murɗi, na ja sabuwar waya mai kauri, layi biyu maimakon ɗaya, kowane haɗi a cikin akwatinsa, wayar ƙasa har ƙarshe. Sau biyu ya sa na kwance na sake. Yaya yana bayan kanta, yana sallamar mutane, yana ba masu nama haƙuri ɗaya bayan ɗaya, ina jin kowace kalma daga kan tsani. Wata mata ta ce yanzu me za ta dafa wa baƙinta. Ya ce laifinsa ne, shi ya amince da wanda bai kamata ba. Da Hausa ya faɗa, da ƙarfi, don kada ta wuce ni. Terry ya tambaye ni me aka ce. Na ce ana yabon aikina. Ya ce ai ya ga alama.

Laraba Terry ya haɗa na'urorinsa ya gwada komai, ya rubuta, ya sa hannu. Sannan ya ce in cire kwaɗona. Firiza suka ɗauki ƙugi. Na je gaban kanta na durƙusa na ce, Yaya, an gama. Ya ci gaba da ɗaure doya a leda.

Tsakiyar Janairu aka kira zama. Duk kwanakin nan ina tashi da asuba in bi mota zuwa Birmingham in dawo, ban sani ba ko na ƙarshe ke nan. Ran zaman na tarar da farar rigata a goge, a rataye a ƙofa. Mamarku ce ta goge ta. A ofis akwai manajan kamfani, da wata mata daga kwaleji, da Terry a gefena cikin wata kwat da ta ƙi rufe masa ciki. Manaja ya karanto dokar da na karya, ya tambaya ko na fahimce ta lokacin da na sa hannu. Na ce na fahimta. Ya tambaya to me ya sa. Na ce a wurinmu akwai mutumin da ba a ce masa a'a, kuma ban koyi faɗinta ba sai da na ga katakon nan. Matar ta ce an sha korar mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Sai Terry ya buɗe jaka, ya ciro baƙin murɗin nan ya ajiye a kan tebur, a kan takardunsu masu tsabta.

"Shekara talatin ina wannan aiki," in ji shi. "Na ga masu ɓoye irin wannan a bayan allo, na ga masu ɗora wa wanda ya bar aiki. Ban taɓa ganin wanda ya kulle aikin kansa, ya rasa wurin kwana a kai, ya zo ya kai ƙarar kansa ba. Abin da muke shekara huɗu muna ƙoƙarin cusa musu ke nan, da yawa kuma ba ya shiga. Idan kun kore shi, ku gaya mini me zan koya wa sauran."

Aka ce mu fita. Muka tsaya a baranda kusan minti arba'in, Terry yana ba ni labarin ƙwallo, ban ji ko ɗaya ba. Da aka kira mu, manaja ya ce gargaɗi a rubuce, na ƙarshe, kuma an ƙara mini wata shida a kan lokacin koyo. Gurbina yana nan. Na yi wata shidan, na yi sauran shekarun, na faɗi jarrabawar lissafi sau ɗaya na sake, na karɓi katina ina da furfura. Duk gidan da na ja wa waya tun daga ranar, ina iya kwana a cikinsa da ku. Wannan shi ne abin da na mallaka, kuma ina alfahari da shi.

Amma a ranar, ina fitowa daga ofis, mamarku na fara bugawa. Tana hutun rabin awa a asibiti, ina jin ƙarar cokula a bayanta.

"Sun bar ni," na ce.

Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"To, mun gode Allah."

"Zan je in sake ba Yaya haƙuri. Ko zai sauko, ko don ke."

"Kada ka wahalar da kanka. Jiya ya kira ni. Ya ce in zaɓa, ko in sa ka je coci ka ce ƙarya ka yi don ka burge Turawa, ko in manta hanyar gidansa."

"Jiya? Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kana da zama a gabanka."

"Me kika ce masa?"

"Na ce masa mijina bai yi ƙarya ba."

Lokacin da ta faɗi haka ba ta san ko washegari zan dawo mata da aiki ko hannu biyu ba. Shekara biyar ta yi ba ta taka gidan wanta ba, mutumin da ya zame mata uba, kuma ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba. Na tsaya a bakin titi da waya a kunne, motoci suna wucewa.

"Kana nan?" ta ce. "Hutuna ya ƙare. Idan ka sauka ka sayo madara, yaran nan sun shanye."